Kundin ƙera kwamfuta da hannu a kan furosesa 6502

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Kaya sun iso. Furosesa ƙirar W65C02S, RAM (ma'adanar aiki ta wucin gadi) mai lamba 62256, EEPROM mai lamba 28C256 wadda za ta zama ROM (ma'adanar da ba ta mantuwa ko an ɗauke wuta), sai 65C22 wadda za ta zama ƙofar shige da fice, da ɗan ƙaramin aisi 74HC00. Waɗannan daga waje na yi odarsu. Sauran tarkacen, rezista da kafasita da ƙananan fitilu da aisi 555 da waya kala-kala, a Sabon Gari na tsinto su rumfa-rumfa. Na jera allunan gwaji masu ramuka a kan tebur, kuma ba zan taɓa dalma ba sai komai ya tsaya da ƙafarsa.

Rubuta manhaja ne abincina na yau da kullum, kuma ina son sana'ata. Sai dai an jima rabon da in san takamaiman abin da ke faruwa a ƙarƙashin abin da na rubuta. Ka rubuta layi guda, ya bi ta hannun manhajojin da ba ka taɓa buɗewa ba kafin ya taɓa ƙarfe, kuma babu mutum ɗaya a duniya da zai ce ya san hanyar daga farko har ƙarshe. Abin da nake kewa shi ne na'urar da mutum zai haddace ta gaba ɗaya: ya san inda kowane bayit yake kwance, ya san aikin da ake yi a kowane bugun agogo. Rabona da irin wannan tun ɗakin gwaji na makaranta, inda muke da allon koyo mai furosesa 8085, muna danna lambobi ɗaya bayan ɗaya a madannai, muna duba amsa a 'yan fitilu ja.

Na zaɓi 6502 ne don ƙanƙantarta. Rijista uku kacal ake aiki da su, A da X da Y, kowace bit 8. Umarninta na asali 56 ne, takarda ɗaya ta ɗauke su. Tiransistocin cikinta ba su wuce 3,500 da 'yan kai ba. Chuck Peddle da Bill Mensch da abokan aikinsu suka ƙera ta a kamfanin MOS Technology bayan sun baro Motorola, suka fito da ita a 1975 a kan dala 25, a lokacin da makamantanta na Intel da Motorola ke kan dala 170 da wani abu. Wannan farashin ne ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya fara tunanin haɗa kwamfuta a ɗakinsa. Wadda ke gabana jikarta ce, kamfanin da Mensch ya kafa, Western Design Center, yana ƙera ta har yau.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau furosesa ta motsa, ba RAM, ba ROM, ba komai.

Dabarar tsohuwa ce. Umarnin da ke ce wa 6502 “kada ki yi komai, wuce gaba” lambarsa EA ce a lissafi mai tushe 16, wanda bayan 9 sai A har zuwa F. In aka warware EA zuwa bit, 11101010 ke nan. Sai na ɗauki ƙafafu takwas na bayanai, na ɗaure kowace ta rezista, masu 1 zuwa bolt 5, masu 0 zuwa ƙasa. Ko ina furosesa ta leƙa, EA za ta tarar. Layukan adireshi goma sha shida kuma na rataya wa kowane fitila.

Agogon da aisi 555 na yi shi, na rage masa gudu har ido yana iya bi, na kuma sa maɓallin da zan riƙa bugawa da hannu ɗaya-ɗaya. Wannan gata ce da mutanen 1975 ba su samu ba, domin 6502 ta farko in aka tsayar mata da agogo ya daɗe, mantawa take yi da abin da ke rijistocinta. Ta yanzu kuwa ko ka tsayar ka tafi masallaci ka dawo, tana nan inda ka bar ta.

Na danna maɓallin farawa, na saki, na shiga buga agogo. Bugun farko-farko fitilun suka yi ta 'yan kame-kame, sai ga FFFC, sai FFFD. A nan ne kowace 6502 take zuwa neman adireshin da za ta fara aiki, tun daga ta farko har wannan. Ta tarar da EA a duka biyun, ta haɗa, bugu na gaba fitilu suka nuna EAEA. Daga nan ta kama ƙirga, EAEB, EAEC, kowane adireshi yana cin bugu biyu, daidai da yadda takardar bayaninta ta faɗa. Na daɗe ina kallo. Abin da na karanta a takarda ne yake faruwa ido na ganin ido, ba ragi ba ƙari, kuma yatsana ne ke ba shi izinin kowane taki.

Asabar, 7 ga Disamba

Rabon adireshi ya kammala. 6502 tana ganin gurbi 65,536, daga 0000 zuwa FFFF, kuma mai gini ne zai yanka wa kowa rabonsa. Rabin farko, 0000 zuwa 7FFF, na ba RAM. Daga C000 zuwa ƙarshe na ba ROM. Tsakiyar, 8000 zuwa BFFF, na bar wa 65C22. Ita rijista 16 kawai gare ta, ga shi na ba ta gurbi 16,384, don haka suna maimaita kansu sau 1,024. Ɓarna ce a fili, amma ita ta sa ban buƙaci komai ba sai ƙofofi uku daga cikin huɗun da ke cikin 74HC00, har ɗaya ta yi saura. Masu ginin farko ma irin wannan cinikin suke yi kullum, a ɓarnatar da adireshi a tsira da kuɗin aisi ɗaya.

Shirin farko da biro na rubuta shi a littafi, ina duba jadawalin umarni ina fitar da lambobin da kaina:

A9 FF 8D 02 80
A9 0F 8D 00 80
A9 F0 8D 00 80
4C 05 C0

Bayit 18. A9 na nufin ɗauki lambar da ke biye ki sa a A. 8D na nufin ajiye abin da ke A a adireshin da ke biye, kuma adireshin a juye ake rubuta shi, ƙaramin ɓangare kafin babba, shi ya sa 8002 ya koma 02 80. Layin farko yana gaya wa 65C22 cewa ƙafafunta takwas na fita ne, na biyu ya kunna fitilu huɗu na dama, na uku ya kunna na hagu, 4C kuma ya mayar da ita baya ta sake. Na ƙona shi a EEPROM, na sa 00 da C0 a FFFC da FFFD, na mayar da aisin gurbinsa. Fitilu suka shiga musaya, dama, hagu, dama, hagu.

Ɗan yayata, wanda ke aji biyu na ƙaramar sakandare, ya shigo ya tsaya a kaina.

“Kawu, to ina sikirin ɗin?”

Na ce masa babu, fitilun nan takwas su ne sikirin. Na nuna masa yadda 0F ke zama sifili huɗu da ɗaya huɗu, na ce ya nemo mini lambar da za ta kunna ɗaya ta tsallake ɗaya. Ya ja littafin gabansa, ya yi ta zane yana gogewa, can ya ɗago.

“Kawu, 55 ce. Kishiyarta kuma AA.”

Muka ƙona, muka kunna, haka ɗin ne. Bai ƙara tambayar sikirin ba. Na gaya masa cewa gem ɗin talabijin mai kaset rawaya da muka yi wasa da shi muna yara kwaikwayon Famicom ne na Nintendo, kuma zuciyar 6502 ce a cikinsa. Mu a lokacin ba wanda ya gaya mana, kuma ba a taɓa nuna mana cewa abu ne da mutum zai iya buɗewa ya fahimta ba. Wannan yana yi mini ciwo har yanzu.

Rubutu da biro ɗin nan ba ƙauyanci ba ne. Steve Wozniak haka ya rubuta BASIC ɗin Apple na farko, wato harshen rubuta shiri na kwamfutar, a takarda, yana juya kowane umarni zuwa lamba da hannunsa, saboda ba shi da kuɗin hayar babbar kwamfutar da za ta yi masa. Ni bayit 18 na yi, shi dubbai.

Asabar, 28 ga Disamba

Na cire 555 na sa agogon kiristal mai bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa. Nan take na'urar ta fara halin da ba ta yi a hankali: ta yi aiki lafiya, sai a kunna fanka ko a kawo wuta, ta ɓace. Baba mai gyaran rediyo na bakin layinmu ya leƙo karɓar mitarsa da na ara, ya sunkuya ya ƙare wa allon kallo.

“Malam, wayoyin nan sun yi tsawo. Kuma kowace aisi ka sa mata kafasita a bakin ƙafar wutarta, kada ka yi nisa da ita. Mu ma haka muke yi a rediyo.”

Na ce, “To Baba, an gama.” Na sa wa kowace ƙaramar kafasita mai lamba 104, na rage wayoyin suka kwanta a jikin allo, na koma ba ta wuta daga fawabank. Ta daina ɓacewa. Baba bai taɓa rubuta shirin kwamfuta ba, amma kallo ɗaya ya yi ya gano ciwon.

Hunturu ya kankama, iska ta bushe, har hannun ƙofa yana ɗan jan mutum. Irin wannan tartsatsin yana kashe aisi ba tare da an ga alama ba, don haka sai na taɓa ƙarfen taga kafin in kai hannu, in na tashi kuma in rufe allon da kwali saboda ƙura.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Watan nan shekara 50 ke nan da mujallar Popular Electronics ta Amurka ta sa Altair 8800 a bangonta. Kamfanin MITS na Ed Roberts ne ya yi ta a garin Albuquerque, da furosesa 8080 da bayit 256 na ma'adana. A warwatse ake aiko maka da ita ka haɗa da kanka, ba madannai ba sikirin, sai jerin makunnai da fitilu a gaba. Ka saita takwas sama ko ƙasa, ka danna, bayit ɗaya ya shiga. Duk da haka oda ta yi wa kamfanin yawa har ya kasa cikawa a kan lokaci. Na fahimci mutanen nan sarai tun ranar da na ga EAEA.

Ciro EEPROM da mayar da ita a kowane gyara ya ishe ni, ƙafafunta ma sun fara lanƙwasa. Lokaci ya yi da na'urar za ta yi magana da laftof ta waya. Akwai aisi na musamman da ke wannan aikin, amma na ƙi sa shi. Ƙafa biyu na 65C22 zan ɗauka, ɗaya ta aika ɗaya ta karɓa, furosesa da kanta ta riƙa ɗaga layin tana saukewa a kan lokaci.

Lissafin ga shi. Gudun da na zaɓa bit 9,600 ne a daƙiƙa, agogo kuma miliyan ɗaya, don haka kowane bit zai zauna a kan waya bugu 104. Kowane harafi yana tafiya da bit ɗaya na sallama a gaba, takwas na saƙo, ɗaya na rufewa. Ba wanda zai ƙirga maka 104 ɗin nan, kai za ka tara su daga farashin kowane umarni: STA bugu 4, LSR 2, DEX 2, BNE 3 in ta yi tsalle, 2 in ba ta yi ba. Aikin fitar da bit ɗin ya ci 23. Saura 81, sai na yi zagayen jira na DEX da BNE sau 16, wanda tare da umarnin da ke loda X ya ba da 81 cif. Na haɗa, na kunna, SALAMU ALAIKUM ta fito a sikirin ɗin laftof, harafi bai karye ba.

Asabar, 8 ga Faburairu

Karɓa ta fi aikawa wuya, domin ba kai ke da lokacin ba. Dole furosesa ta zuba wa layin ido har ya faɗi, alamar sallama, sannan ta jira bit ɗaya da rabi, bugu 156, don ta dira a tsakiyar bit na farko inda ya fi natsuwa, daga nan ta riƙa ɗiba duk bayan 104. Na rubuta, ta yi.

Sai kuma aikawa, wadda ban taɓa ko bayit ɗaya a cikinta ba, ta lalace. Maimakon haruffa sai wasu alamomi marasa kan gado. Na bi waya ɗaya-ɗaya da mita, lafiya lau. Na mayar da tsohon shirin, ya yi aiki. Na sa sabon, ya watse. Ke nan ba ƙarfe ba ne, kuma ba rubutun ba ne, tunda rubutun bai canza ba. Abu ɗaya ne ya canza: wurin zamansa. Sabon ɓangaren karɓa da na saka a gaba ya tura na aikawa ƙasa.

Da na fitar da jerin adireshin sai ga ta a fili. DEX ta faɗa a C0FF, BNE kuma a C100. 6502 tana kallon ma'adana shafi-shafi, kowane shafi bayit 256, kuma duk tsalle irin na BNE da ya ƙetara iyakar shafi sai ta biya bugu ɗaya na ƙari don gyara babban ɓangaren adireshin. Zagayen jirana yana tsalle sau 15 a kowane bit, don haka 104 ya koma 119. Ƙarin ya haura kashi 14 cikin ɗari, alhali irin wannan layin ko kashi 5 da ƙyar yake jurewa. Kafin a kai bit na huɗu laftof ta riga ta fara karanta maƙwabcin bit ɗin da take nufi.

Maganin bai wuce matsar da ɓangaren zuwa farkon shafi ba. Amma daɗin da na ji ya fi ƙarfin gyaran. A wurin aiki in abu ya lalace haka, sau da yawa sai dai a kashe a kunna, ko a sabunta wani abu, in ya tashi a yi hamdala a wuce ba tare da an san dalili ba. A nan dalilin yana nan, bugu ɗaya tak, an rubuta shi da ƙananan haruffa a ƙasan jadawalin umarni tun 1975, yana jiran duk wanda zai zauna ya ƙirga.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama, aikin ya koma bayan tarawihi. Na so in rubuta a yau ɗin nan musamman, domin ranar 5 ga Maris ta 1975 ce aka yi zaman farko na Homebrew Computer Club a garejin Gordon French da ke Menlo Park a Kalifoniya. Shi da Fred Moore suka kira taron, aka kawo Altair aka ajiye kowa ya gani. Wozniak yana cikin waɗanda suka je, kuma daga nan ya koma gida ya fara zanen abin da ya zama Apple I, wadda aka sayar a 1976 a kan dala 666.66.

Ɗan shirin da ya rubuta mata na kula da na'ura shi na ɗora a tawa daren jiya. Bayit 256 ne, shafi ɗaya, daga FF00 zuwa FFFF, kuma an buga shi ƙeƙe-da-ƙeƙe a littafin da ke rakiyar na'urar don kowa ya karanta. Wuraren da yake karɓar harafi da fitar da shi kawai na canza suka koma kiran nawa. Na kunna, alamar \ ta fito, tana jira. In ka rubuta adireshi, ya nuna maka abin da ke ciki. In ka sa digo biyu bayan adireshin ka jera lambobi, ya zuba su. In ka sa R, ya tafi can ya fara aiki. Na zuba shirin fitilun nan a 0300, na gyara tsallen ƙarshe ya koma 4C 05 03, na rubuta 300R. A gudun miliyan ɗaya ido ba ya ganin musayar, duka takwas suka kama a dushe. EEPROM ta huta.

Karanta shirin nan darasi ne. Ba bayit ɗaya da ke zaman banza. Sikirin ɗin Apple I ba ya iya goge harafi, sai Wozniak ya sa in ka yi kuskure ka danna alamar _, ta fito a rubuce, shi kuma a ciki ya ja baya da taki ɗaya. Haka zamanin yake. KIM-1, allon da MOS da kansu suka fitar a 1976 a kan dala 245, kilobayit ɗaya gare shi, kuma a cikinsa Peter Jennings ya cusa shirin da ke buga wasan dara na ces da mutum. A Birtaniya, ZX81 ta Sinclair ta fito a 1981 da kilobayit ɗaya ita ma, ana sayar da ita a warwatse a kan fam 49.95.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Galaksija ta Yugoslabiya. Shigo da kwamfuta daga waje ya fi ƙarfin yawancin mutanen ƙasar, sai Voja Antonić ya zana wadda za a iya haɗawa a gida da furosesa Z80, aka buga zanen a mujalla a ƙarshen 1983. Mutane dubbai suka haɗa tasu. Har wani shirin rediyo a Belgrade, Ventilator 202, ya riƙa watsa manhaja ta iska: mai gabatarwa ya yi sanarwa, a saki ƙara, masu sauraro su naɗa a kaset su loda a na'urarsu. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna cewa a shekarun nan gidajenmu cike suke da rediyo da kaset, kowace unguwa da irin su Baba masu hannu da ido. Zanen ne da aisin ba su iso gare su ba.

Asabar, 22 ga Maris

Saboda haka ajiya a kaset zan yi, ba a katin memori ba. Zan bi tsarin da aka amince da shi a taron masu harkar ƙananan kwamfutoci da aka yi a Kansas City ta Amurka a 1975: sifili zagaye huɗu ne na sauti mai kaɗawa 1,200 a daƙiƙa, ɗaya kuma zagaye takwas na mai 2,400, bit 300 a daƙiƙa. Shafi ɗaya na ma'adana zai ci kusan daƙiƙa goma.

Fitar da sautin ya zo da sauƙi, domin 65C22 tana da ma'aunin lokaci a cikinta da ke iya juya ƙafar PB7 da kansa. Rabin zagayen babban sauti bugu 208 ne, na ƙaramin 417. Na rage ƙarfinsa da rezista biyu, na sa a lasifika, ɗan yayata ya toshe kunne, sannan ya roƙi a sake don ya ji ko zai iya bambance sifili da ɗaya.

Baba ya ba ni aron tsohuwar rakoda, ya canza mata bel, ya goge kan da ke karanta kaset. Naɗa ya yi kyau. Saura karantowa: sautin da ke dawowa daga kaset lanƙwasasshe ne kuma ƙarfinsa yana hawa yana sauka, sai an sa aisin da zai daidaita shi ya koma 0 da 1 kafin furosesa ta auna tsawon kowane zagaye. Na sayo LM393 don wannan. Gudun rakodar ma ba ya tsayawa wuri guda, don haka iyakar da zan sa tsakanin gajeren zagaye da dogo sai ta kasance a tsakiya, wajen bugu 312 a rabin zagaye. Bayan sallah zan haɗa wannan ɓangaren, in ya karanto shafi ɗaya ba kuskure sai in fara mayar da komai kan allon dalma.